Haƙorin Makkan Hajja Yagana

Hajja Yagana ba ta yafe wa ƙanenta Ari ba. Na fara da wannan ne saboda tun ranar sadakar uku nake jin mata suna cewa wai ta yafe wa kowa kafin ta cika, har da masu rantsuwa, alhali ko labulen ɗakinta ba su ɗaga ba lokacin da take kwance. Ni Lauratu, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata a Mandawari. Ni na yi jinyarta, ni kuma na yi mata wanka. Ta yafe wa mai adaidaitan da ya taɓa fasa mata kwalaben humra, ta yafe wa matan da suka ce asiri take sa wa turarenta. Ari kam da abinsa ta bar shi, kuma ni ban ga laifinta ba.

Kakanninta Barebari ne, da allo da tawada suka shigo Kano tun ba a haifi kakata ba. Barbarci bai rage a bakinta ba sai na gaisuwa da na zagi. Abin da ya rage mata na gida shi ne turare. In ta ɗora tukunyar hawi da sandal da farce, ta kwara ruwan sukari, lungun gaba ɗaya sai ya ɗauka, har masu wucewa masallaci su rage sauri. Daga Mandawari zuwa Ƙofar Ɗan Agundi, amaryar da aka kai ba da kwalbar Hajja ba, dangin miji sai sun yi gulma. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijin ƙarshe ya rasu ta dawo gidan ubansu ta zauna.

Ɗanta a duniya shi ne Ari. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta tauna masa abinci. Ina tuna shi da majina har haɓa yana bin ta a tsakar gida. Ita ta kama masa rumfa a Ƙofar Wambai ta zuba masa kayan roba, ita ta yi masa lefe. In an aiko mata da nama, tsoka ta Ari ce, ita ta tsotsi ƙashi.

Abu ɗaya ta taɓa yi wa kanta. Da guminta ta sauke farali, ta dawo da haƙorin Makka a sama ta hagu, kusa da fiƙa. Ba irin na gwangwanin nan da ke baƙi kafin babbar salla ta zagayo ba, ta ce zinari take so na gaske, shi kuma aka sa mata. Tun daga nan dariyarta ta karkata hagu. Nakan tsokane ta in ce, “Hajja, mun gani, rufe kar ƙuda ya faɗa.” Sai ta ƙara wangalewa.

Sai dai wanda ya sa mata ya goge haƙorin ya wuce ƙima, ba a jima ba jijiyar ta mutu, ciwo ya taso. A wani ƙaramin asibiti aka zare zinarin, aka huda haƙorin, aka kwashe matacciyar jijiya, aka cike ramin saiwar, aka mai da zinarin. Ya yi lif, shekara da shekaru ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Daga baya ciwon daji ya same ta. Da toshewar hanci ya fara, sai haɓo, sai ƙulli a wuya. Aka yi ta cewa hayaƙin turare ne, a sha citta. Da aka yi gwaji aka ce daji ne a can bayan hanci, sai an je Zariya an yi mata gashi. Ba da wuta ba ne, wata na'ura ce ke harba zafin da ido ba ya gani, ya ƙone ciwon, ya kuma taɓa duk abin da ke kan hanyarsa. Ba zan ci haƙƙin Ari ba, shi ya kai ta. Shi ne ma da bakinsa, da suka dawo, ya zauna a tabarmata yana ba ni labari yana hura hanci kamar shi ne likitan. Ya ce kafin a fara sai da aka duba bakinta kakaf, aka cire na can ciki da suka ruɓe, aka jira wurin ya warke. Na zinarin an ɗauki hotonsa an ga yana barci, aka ƙyale shi. Ya ce likita ya ja masa kunne: daga yau kada wanda ya kuskura ya cire wa matar nan haƙori, don gashin yana kashe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙashin baki, in aka yi rauni ba ya rufewa, ƙashin ne zai yi ta ruɓewa. Ku riƙe wannan, Ari ne ya gaya min.

Ƙullin ya tafi, alhamdu lillahi, amma ya tafi da abubuwa. Yawu ya ƙafe mata ƙaf, gorar ruwa ta zama 'yar rakiyarta, in za ta yi magana mai tsawo sai ta kurɓa a tsakiya. Muƙamuƙinta ya ɗaure, lomar tuwo sai an gutsura mata kamar ta ɗan yaye. Wanda ya fi ci mata rai shi ne hanci. Mace ta ƙare rayuwarta a kan ƙamshi, a wayi gari ba ta bambance miski da kananzir. Ni na zama hancinta. Ita ta auna da hannu, ni in sunsuna, in na ce ya yi ta ce ƙarya nake, hancin Bahaushiya bai san turare ba. Haka muka ci gaba da sana'a muna faɗa.

Ana nan haƙorin zinarin ya farka. Leɓenta ya kumbura, kumburin ya hau har ƙasan ido, ga zazzaɓi, ga jikin da ma bai gama dawowa ba. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya fita yana girgiza kai. Wata rana bayan la'asar ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina tsince kajiji, ita tana kwance ta juya baya, sai ga Ari. Ya leƙa, ya ga idonta a rufe, ya tsuguna kusa da ni ya rage murya.

“Yaya Lauratu, na zo da wani yana zaure, ki taya ni lallashinta. Gwani ne, a kasuwa yake cire haƙori, kafin ki ƙifta ido ya gama.”

Na ce, “Ari, ba kai ka ce min likita ya hana ba?”

Ya sosa ƙeya. Ya ce, “Wannan ai maganar mai sauran kwana ce. Ke ma kina ganin jikin nan. Malamai sun ce ba a binne mutum da zinari, haƙƙin magada ne. Yanzu ma bakin da ƙyar yake buɗuwa, to ina ga ta sandare? Gara a cire tun tana da rai, ta huta, mu ma mu huta.”

Wallahi sai da na ji kunnena ya yi ɗum. Ban san lokacin da farantin kajijin ya bar hannuna ba. Na bi shi har zaure, na tarar da gwanin nasa zaune da jakar fata da awartaki a naɗe cikin tsumman da ko takalmi ba zan goge da shi ba. Abin da na faɗa musu ba zai maimaitu ba, na dai haɗa har da kakan mai awartakin, wanda ban san shi ba, Allah ya yafe min. Suka fice suna haɗa kafaɗa a ƙofa.

Na dawo ina haki, na ƙudurta ba zan gaya mata ba. Na ɗaga labule na tarar ta juyo, idonta biyu, a bushe. Ta miƙa hannu na ba ta gora, ta kurɓa.

Ta ce, “Na ji. Gobe ki nemo mana adaidaita.”

A sashen haƙori na babban asibiti muka faɗa hannun Dakta Hadiza, wata doguwa marar son wasa. Ta ɗauki hoto, ta ɗaga shi a fitila ta nuna mana. Cikon da aka yi tun tuni bai kai ƙarshen saiwa ba, ƙwayoyin cuta suka maƙale a ɗan wurin da ya rage. Da can jiki ne ke danne su, yanzu da gashi ya rage jini a ƙashin, sun samu sarari, ga baƙin tabo nan a bakin saiwar inda mugunya ta taru. Ta ce da wani ne, cirewa ta fi sauƙi, amma wannan bakin ba a yi masa rauni. Sai dai a sake aikin daga farko: a tone tsohon cikon, a wanke ramin har ƙasa, a sake cikewa.

Ta ce, “Amma Mama, ba zan yi miki alkawari ba. Haƙorin da aka gasa ba kamar sauran ba ne. Cikinsa ya bushe, yana iya tsagewa ina cikin aiki. Abin da muke liƙe ciko da shi ba ya kama shi sosai. Ba ki da yawun da zai riƙa wanke shi, ƙashin kuma a hankali zai warke, in ma zai warke. Sannan buɗe bakin in gani.”

Hajja ta buɗe iya ƙarfinta. Yatsa biyu a jere ba su shiga ba.

Dakta ta ce, “Ta nan hannuna ba zai yi aiki ba.” Ta rubuta maganin da zai sauke kumburin, ta ɗebo wasu 'yan katakai masu faɗi, irin waɗanda ake danne harshe da su, ta ce a riƙa jera su tsakanin haƙora ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har bakin ya saki. Ta ce da yawa ba sa jurewa.

Hajja ta ce, “'Yata, ni ina da dalili.”

Na ga masu haƙuri a rayuwata, na ga masu taurin kai, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta idar da salla, ta jingina da bango, ta jera katakan nan ta cusa, ta ɗauko wani ta tura a tsakiya da tafin hannu. Jijiyar wuyanta ta miƙe, hawaye na bin kumatu, ba ta ko ƙifta ido. In na ce ya isa haka, sai ta harare ni. Wata rana da ta zare su na tambaye ta wai me take kallo a bangon nan. Ta ce, “Ari nake gani tsugune yana rage murya. In na gan shi sai in ji wani katakon zai shiga.” Ba son duniya ne ya tashe ta daga shimfiɗar nan ba, ni shaida ce, haushi ne tsagwaronsa. Ta koma cin abinci don haushi, ta koma shan magani a kan lokaci don haushi.

Shi kuwa gogan bai fasa zuwa gaisuwa ba. Ya zaci barci take ranar, ya zaci ni ma na rufa masa asiri. Ya ce, “Hajja, ya jiki?” ta ce, “Da sauƙi,” shi ke nan. Har labari ya zo min wai yana faɗa a kasuwa shi ya matsa aka kai ta wurin likitan haƙori. Na ce bari in je in tona shi. Ta riƙe min zani ta ce, “Kar ki ɓata min miya, ban gama haɗawa ba.”

Da bakin ya saki aka fara aiki. Ranar farko Dakta Hadiza ta lallaɓa ta zare zinarin, ta naɗe a auduga ta ba ta, ita kuma ta ƙulle a bakin mayafi. Daga nan muka zama 'yan gida a wurin. A kwantar da ita, a sa wasu siraran tsinkayen ƙarfe kamar allura ana sakatar tsohon cikon, a wanke, a zuba magani, a toshe, a ce mu dawo. Ba a daɗewa, don muƙamuƙin ba ya jure buɗewa, ga bakin sai ana fesa masa ruwa. Dakta tana aiki kamar mai tsince ƙaya a ido. Sau ɗaya kumburin ya dawo, muka koma baya, aka sake wankewa.

Ana dab da gamawa abin da ake tsoro ya faru. Ina zaune a gefe na ji ɗan ƙas, Dakta ta tsaya cak. Bangon haƙorin na sama ne ya ɓare, ya faɗo kamar ɓallin alli. Ta daɗe tana haskawa tana dubawa.

Hajja ta ce, “Cirewa za a yi?”

“A'a Mama. Tsagar ba ta gangara saiwa ba. Zan cike saiwar, in goge abin da ya rage daidai da dasashi, in rufe. Sai dai zinarin ba shi da wurin zama kuma. In na kafa masa ƙarfe a ciki, saiwar ce za ta tsage, mu rasa duka.”

Muka hau adaidaita. Ni ce nake ta masifa, raina ya ɓaci, ina ganin duk wahalar nan ta tashi a banza, ɗan banzan yaron nan ya yi nasara ko bai sa awartaki ba. Sai da muka kusa gida ta kurɓi ruwa ta ce, “Saiwar tana ina?” Na ce tana bakinki. Ta ce, “Zinarin fa?” Na ce yana mayafinki. Ta ce, “To me aka cire min?” Na dube ta, na ga gefen bakin nan na hagu ya ɗan motsa.

Ba ta yi gaggawa ba. Sai da muka yi ta komawa ana ɗaukar hoto, baƙin tabon yana raguwa kamar ba ya so, har ranar da Dakta ta ce ƙashin ya fara cikowa, saiwar ta zauna. Washegari da hantsi Hajja ta yi wanka, ta naɗa lafayarta ta zuwa biki, ta sa na turara ta da turaren da take ɓoye wa 'ya'yan manya, ta shafa humra har tana ɗiga, ita da ba ta jin ko ɗaya. Ta ce, “Taso ki raka ni Ƙofar Wambai.”

Kasuwa ta cika. Ƙamshinta ya riga ta isa layin 'yan roba, maƙwabtan rumfar Ari suka taso, don babu wanda bai ci tuwonta ba a cikinsu. “Hajja ce da kanta? Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.” Ari ya zabura ya jawo benci yana washe baki. Ba ta zauna ba. Ta jira har gaisuwa ta lafa. Ta kwance bakin mayafi, ta warware audugar, ta ɗora zinarin a bayan wani bokiti da ke kife a gaban rumfar. Rana ta haska shi.

Muryarta ba ta fita sosai, saboda haka kowa ya yi shiru ya matso. Ta ce, “Ari, ranar da ka kawo mai awartaki ba barci nake ba. Ka ce ba a binne mutum da zinari. Ka ce bakina da ƙyar yake buɗuwa, ina ga na sandare.” Ta kurɓi ruwa. “Kai likita ya gaya wa in aka cire ƙashina zai ruɓe, ka ce wannan maganar mai sauran kwana ce.” Ta ɗaga leɓe da yatsa ta nuna giɓin, ta juya kowa ya gani. “Saiwar tana nan, Allah ya ba ni ita, da ita zan koma. Wannan kuwa ga shi, na hutasshe ka buɗe bakin gawa.”

Wani dattijo mai sai da tabarmar roba ya ce, “Subhanallahi,” a hankali. Gumi ya jiƙa wa Ari hula. Ni kuwa, Allah ya sani, daɗi ne ya kama ni har yatsun ƙafa. Muka juya, ba ta waiwaya ba, a hanya ma sai da ta tsaya ta taya wani mazubin turare.

Kafin sati ya zagayo sunansa ya koma Ari Mai Haƙori. Masu dako ma in za su yi kwatance sai su ce rumfar Mai Haƙori. Ya aiko matarsa da zinarin, Hajja ta ba ta turare ta mai da ita da shi. Ya roƙi limamin unguwa, liman ya zo da zinarin, ya yi nasiha mai kyau a kan zumunci, ta saurara har ƙarshe, ta ce ai ba ta yanke zumunci ba, kyauta ta yi wa ɗan'uwanta, ko an hana? Liman ya koma da audugar a hannu.

Ta ƙara shekaru masu ɗan dama. Ta kai amare da yawa da hancina, tana wanke bakin nan da maganin da Dakta ta ba ta kamar ibada, saiwar ba ta ƙara motsi ba. Da ciwon ya dawo, a ƙirji ya sauka, bai kuma yi wasa ba. Ari ya zo ya durƙusa a bakin gado yana kuka, kuka na gaske, ba zan ƙara masa ba. Ya ce, “Hajja, ki yafe min, ke ce uwata.” Ta kalle shi. Sannan ta juyo wurina ta ce, “Lauratu, ruwa.”

Ranar da ta rasu, da safe ne, muna cikin yi mata wanka aka ce ana sallama da ni a zaure. Na fito hannuna a jiƙe. Ari ne, ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya zaro audugar nan, ta yi daƙal-daƙal don ajiya, ya miƙo da hannu biyu.

“Yaya Lauratu, don girman Allah ki sa mata a cikin likkafani. Nata ne. Ba wanda zai sani.”

Na dubi zinarin, na dube shi. Na tuna katakan nan da hawayen da ba ta sharewa. Na ce, “Ba a binne mutum da zinari, Ari. Haƙƙin magada ne, kuma ba ta bar magaji ba sai kai.” Na kama yatsunsa na dunƙule masa a kai.

Na koma ciki. Kafin mu ɗaure mata haɓa na sa yatsa a ƙarƙashin leɓenta ta hagu na shafa, na ji saiwar tana nan daram. Muka naɗe ta, muka turara ta da nata na hannunta. Da maza suka shigo ɗauka aka ce ɗan'uwanta ya matso ya kama gaba. Makara hannu biyu take so, sai da ya tsaya ya zura abin a aljihu tukuna. Da shi a jikinsa ya kai ta.